Ma'ajiyar Da Kwamfuta Ta Ƙi Gani: Tarihin Rashin Jituwa Tsakanin SSD Da Madabod

Duk wanda ya daɗe yana aiki da kwamfutar tebur ya san wannan saƙo, ko ya ga yadda ya tayar wa wani da hankali. Ana kunna na'ura, fanka ta fara juyawa, tambarin kamfani ya bayyana, sai allo ya yi baƙi, wasu 'yan kalmomin Turanci su fito suna sanar da cewa ba a sami ma'ajiyar da za a tashi daga cikinta ba. A cikin wannan ma'ajiya kuwa, wadda a yau galibi SSD ce, akwai lissafin kamfani na shekara uku, ko kundin digiri da ya kusa kammala, ko takardun shari'ar da za a shiga kotu da su gobe.

Hukuncin da aka fi yankewa nan take shi ne SSD ta mutu. Wani lokaci haka ɗin ne. Sau da yawa kuma lafiyarta ƙalau, bayanan da ke cikinta suna nan yadda aka bar su, sai dai ita da babban allon da ke cikin akwatin kwamfuta, wanda masu gyara ke kira madabod, sun kasa gane juna. Kafin kwamfuta ta ce ta ga ma'ajiya, dole wuta ta isa gare ta, kafar da aka soka ta a ciki ta kasance tana jin yarenta, manhajar da ke tayar da madabod ta san yadda ake tashi daga irinta, sannan Windows ko Linux su kasance da direban da zai yi magana da ita. Waɗannan matakai huɗu ba a zamani ɗaya aka ƙirƙire su ba, kuma ba mutane ɗaya suka ƙirƙire su ba. An ɗora su ne ɗaya kan ɗaya cikin shekara arba'in, a Amurka da Japan da Taiwan, ba tare da an rushe na ƙasa ba. Wanda ya san yadda aka yi wannan gini zai san inda zai fara dubawa, zai kuma san abin da bai kamata ya taɓa ba.

Zamanin da mutum ke gabatar da faifai da hannunsa

Faifan ajiya na farko da aka sayar shi ne wanda IBM ya fitar a 1956 tare da kwamfutar RAMAC. Faya-fayai 50 ne a jere, kowanne faɗinsa inci 24, nauyin na'urar ya kai kusan tan guda, kuma abin da take ɗauka bai wuce haruffa miliyan 5 ba. Sai a 1980 kamfanin Seagate ya fitar da ST-506 mai megabait 5 wanda zai shiga akwatin kwamfutar tebur. A 1983 IBM ya saka faifai mai megabait 10 a kwamfutarsa ta XT, a 1984 kuma ya fitar da AT, wadda yawancin kwamfutocin ofis na yau jikokinta ne.

Kwamfutar AT ba ta iya tambayar faifai ko shi wane ne. A cikin BIOS, wato ƙaramar manhajar da ke fara aiki da zarar an kunna wuta, akwai jerin nau'o'in faifai da aka bai wa lambobi. Mai haɗa na'ura ne zai zaɓi lambar da ta dace. Daga baya wasu kamfanonin BIOS suka ƙara nau'i na 47, inda mutum zai rubuta siffofin faifan da kansa. Wannan bayani ana ajiye shi ne a wata 'yar ƙwaƙwalwa da ƙaramin batir ke riƙe da ita. Ranar da batirin ya mutu, kwamfuta ta manta da faifanta, ko da yake yana nan a haɗe yana juyawa.

Wannan batir yana nan har yau. Shi ne ɗan zagayayyen nan mai kama da kwabo, CR2032, da ake gani a kan kowane madabod. Ba ya riƙe siffofin faifai kamar dā, amma idan ya mutu, madabod da yawa kan koma saitinsu na asali, agogo ya koma baya da shekaru, tsarin magana da ma'ajiya ya sauya. Kwamfutar ofis ta hannu da aka shigo da ita daga Turai bayan ta yi shekara bakwai tana aiki, wannan batir na cikin abubuwan da suka fara gajiya a jikinta. Idan aka ga kwanan wata ya rikice a rana ɗaya da ma'ajiya ta ɓace, an sami bakin zaren.

A 1986 kamfanonin Western Digital da Compaq da Control Data suka kawo tsarin IDE, wanda ya mayar da na'urar sarrafa faifai cikin jikin faifan kansa. Daga nan faifai ya iya amsa tambaya, ya faɗi sunansa da girmansa. Wannan tambaya da amsa ita ce abin da muke kira "gani" har yau. Hukumar ƙa'idoji ta Amurka ta amince da tsarin a 1994 da sunan ATA. Sai dai ya zo da nasa ciwon kai. Faifai biyu ne ke raba faffaɗar waya guda mai fil 40, kuma dole a naɗa ɗaya ubangida, ɗaya bawa, ta hanyar matsar da wani ɗan makullin roba a bayan faifan. In aka naɗa duka biyun ubangida, sai duka su ɓace. Ga kuma iyakokin girma da masu tsara BIOS ba su hango ba: megabait 528 da farko, sannan gigabait 8.4, sannan gigabait 137. Duk lokacin da faifai ya zarce hasashen waɗanda suka rubuta manhajar madabod, sai kwamfuta ta gan shi a guntule ko ta ƙi ganinsa.

Siririyar waya da kafar da ke lalacewa a hankali

A farkon 2003 aka kammala ƙa'idar SATA. Faffaɗar waya ta tafi, siririya mai fil 7 ta maye gurbinta, kowane faifai da wayarsa, batun ubangida da bawa ya ƙare. Gudun ya fara da gigabit 1.5 a daƙiƙa, ya ninka a 2004, ya kai gigabit 6 a 2009. A aikace wannan na nufin kimanin megabait 550 a daƙiƙa, kuma nan SATA ta tsaya har yau.

Sauƙin ya zo da rauni. Ƙa'idar ba ta buƙaci bakin wayar SATA ta ciki ya jure soka da cirewa fiye da sau 50 ba, kuma wayoyin farko ba su da maƙalin da zai riƙe su. Girgizar fanka, ko ɗaukar akwati daga wannan ofis zuwa wancan, kan isa su sassauta ta. Ma'ajiyar SATA kuma waya biyu take buƙata, ta bayanai daga madabod da ta wuta mai fil 15 daga akwatin wuta. Mantawa da ta biyun kuskure ne da har ƙwararru kan yi.

Tare da SATA Intel ya kawo AHCI a 2004, wato sabon salon da manhaja za ta riƙa aika wa faifai umarni. Windows XP bai san shi ba, shi ya sa masu girka shi a lokacin ke danna F6 su ɗora direba daga fulofi. Don a sauƙaƙa wa jama'a, masu ƙera madabod suka bar zaɓi a BIOS: kafar SATA ta yi kamar tsohuwar IDE, ko ta yi aiki da AHCI, ko ta shiga tsarin RAID mai haɗa faifai da yawa. Windows kan riƙe direban salon da aka girka shi a kai. Idan saitin ya sauya daga baya, ko da hannun mutum ko saboda mutuwar batir, sai ya tsaya da shuɗin allo mai lamba 7B, yana cewa ya kasa isa ga ma'ajiyar tashi. Babu abin da ya sami ma'ajiyar. Mayar da saitin yadda yake ya isa.

Wani lokaci kuma laifin na ƙarfen madabod ne da gaske, kuma misali mafi girma ya faru ne a ranar 31 ga Janairu 2011. Makonni kaɗan bayan Intel ya fitar da furosesoshin Sandy Bridge, sai ya sanar da cewa cifset ɗin da ke rakiyarsu, Cougar Point, yana da aibi. Wani transisto guda ne ake bai wa wuta fiye da kima, yana lalacewa a hankali, har kafofin SATA huɗu masu gudun gigabit 3 su fara kuskure, daga ƙarshe faifan da ke kansu ya ɓace. Kafofi biyu masu gigabit 6 ba su shafu ba. Intel ya dakatar da jigilar kayan, ya kiyasta kuɗin gyara da musanya a dala miliyan 700, ban da dala miliyan 300 na cinikin da ya rasa. Asus da Gigabyte da MSI suka karɓi allunan da suka sayar, aka maye su da gyararren samfuri mai alamar B3. Abin da masu gyara suka koya daga wannan al'amari yana aiki har yanzu: kafa ɗaya na iya mutuwa ta bar 'yan uwanta da rai, don haka sauya kafa gwaji ne na minti biyu da ya cancanci a yi kafin a zargi ma'ajiya.

Ƙwaƙwalwar da ta yi shigar faifai

SSD ba ta da abin da ke juyawa. Asalinta daga Japan ne, inda injiniyan Toshiba, Fujio Masuoka, ya ƙirƙiro ƙwaƙwalwar da ke riƙe bayani ba tare da wuta ba. Ya gabatar da nau'in farko a wani taron injiniyoyi a San Francisco a 1984, ya biyo da nau'in NAND a 1987, wanda shi ne ke cikin kowace SSD da filashi da wayar hannu a yau. A 1991 wani ƙaramin kamfani a Kalifoniya, SunDisk, wanda daga baya ya zama SanDisk, ya ƙera wa IBM ma'ajiya mai megabait 20 a kan kusan dala 1,000. Sai a 2008, da Intel ya fitar da X25-M mai gigabait 80 a kan dala 595, SSD ta fara shiga kwamfutocin mutane da gaske.

Don ta samu karɓuwa, SSD ta yi shigar faifai mai juyawa. Ta ɗauki girmansa na inci biyu da rabi, ta ɗauki wayarsa ta SATA, tana amsa tambayoyin madabod kamar yadda yake amsawa. A ciki kuwa lamarin daban ne. Ƙwaƙwalwar NAND ba ta yarda a rubuta sabon bayani kan tsoho sai an goge babban yanki gaba ɗaya, kuma kowane yanki yana da adadin gogewar da zai jure. Saboda haka akwai wata ƙaramar kwamfuta a cikin kowace SSD, kwantirola, mai manhajarta ta kanta, wadda ke yawo da bayanai daga wuri zuwa wuri don kada wani yanki ya tsufa kafin sauran. Tana riƙe da taswirar da ke nuna inda kowane bayani yake a wannan lokaci. Duk sanda aka kunna wuta, sai kwantirola ta tashi, ta karanta taswirarta, sannan ta amsa kiran madabod. Ke nan akwai kwamfuta biyu da dole su tashi lafiya, kuma idan ta cikin ta kasa, ta wajen ba za ta ga komai ba.

Gurbi ɗaya, yare biyu

An tsara AHCI ne don faifai mai allura guda, shi ya sa layinsa ɗaya ne, mai ɗaukar umarni 32. Ƙwaƙwalwar NAND kuwa tana iya yin ayyuka da yawa lokaci guda. A Maris 2011 gamayyar kamfanoni da Intel ke jagoranta ta fitar da NVMe, wanda ya bar SATA ya hau titin PCIe kai tsaye, titin da katin hoto ke amfani da shi, kuma ya ba da damar layuka sama da 65,000. Linux ya sami direbansa a 2012, Windows 8.1 ya zo da nasa a 2013, Windows 7 kuwa sai an ƙara masa gyara na musamman.

A daidai wannan lokaci aka fito da gurbin M.2, inda ake kwantar da SSD siririya kai tsaye a kan madabod, a ɗaure ta da ɗan ƙaramin sukuru. Lambar 2280 da ake gani a kwalinta na nufin faɗin milimita 22 da tsawon 80. A nan ne aka shuka ruɗanin da ya fi kowanne yawa a yau. M.2 siffa ce kawai, ba yare ba ne. Akwai SSD ta M.2 mai magana da SATA, akwai mai magana da NVMe, kuma ga ido kusan iri ɗaya suke. Ta SATA galibi tana da tsaga biyu a bakinta, ta NVMe tsaga ɗaya. Mai tsaga biyun tana shiga gurbin da NVMe kaɗai yake ji, ta zauna daram, a ɗaure ta, amma madabod ba zai taɓa jin muryarta ba. Tsofaffin alluna kuma wasunsu suna da gurbin da SATA kaɗai yake ji.

Sai batun rabon hanya. Furosesa da cifset suna da ƙayyadadden adadin layukan da za su raba wa kafofi, kuma masu ƙera madabod kan saka kafofi fiye da layukan da ke akwai. A alluna da yawa, da zarar an saka SSD a wani gurbin M.2, sai kafar SATA ɗaya ko biyu su daina aiki. Mutum ya sayi sabuwar ma'ajiya don ƙara wuri, ya kunna, ya tarar tsohon faifansa ya ɓace. An rubuta wannan a littafin madabod, galibi da ƙananan haruffa a ƙasan shafi. A 2021 ma an ga wani salon: a alluna da yawa masu cifset jerin 500 na Intel, gurbin M.2 na sama yana samun layukansa ne daga furosesa ta ƙarni na 11, don haka wanda ya saka furosesa ta ƙarni na 10 a kan allon, gurbin nan a mace yake a wurinsa.

BIOS ya tafi, amma inuwarsa na nan

Tsohon BIOS yana tayar da kwamfuta ne ta karanta yankin farko na faifai, tsarin MBR da ya zo a 1983, wanda ba ya iya lissafa fiye da kusan terabait 2.2. Tun ƙarshen shekarun 1990 Intel ya fara aikin maye gurbinsa, a 2005 aka kafa gamayyar UEFI, kuma Microsoft ya wajabta shi ga sabbin kwamfutocin Windows 8 a 2012. UEFI yana aiki da sabon tsarin raba faifai mai suna GPT. Don kada tsofaffin faya-fayai su zama marasa amfani, aka bar wata ƙofar baya mai suna CSM wadda ke kwaikwayon tsohon BIOS. A 2017 Intel ya sanar da cewa zai daina tallafa wa wannan ƙofa zuwa 2020, Windows 11 kuma da ya fito a 2021 ya buƙaci UEFI.

Daga wannan sauyi ne wasu alamu uku suka fito, kuma kowacce tana da ma'anarta. SSD da aka ciro daga tsohuwar kwamfuta mai tsarin MBR, in aka saka ta a sabon madabod da aka rufe CSM, za ta bayyana a jerin ma'ajiyoyi amma ba za ta bayyana a jerin abubuwan da za a tashi daga cikinsu ba. Waɗannan jeri biyu daban suke, kuma rashin bambanta su ya sa an zubar da ma'ajiyoyi masu lafiya. Haka nan, yawancin allunan da suka riga 2014, wato kafin cifset Z97 da X99, ba su san tashi daga NVMe ba. In aka saka irinta ta hanyar katin PCIe, Windows zai gan ta ya ajiye bayanai a ciki, amma kwamfutar ba za ta tashi daga gare ta ba. Na uku kuma, a sababbin na'urorin Intel akwai wani tsari mai suna VMD da ke ɓoye NVMe a bayansa. BIOS yana ganin ma'ajiyar sarai, amma mai girka Windows zai tarar da jeri fayau, sai an ɗora direban Intel RST ko an kashe VMD ɗin. Matsalar fulofin F6 ce ta dawo bayan shekara ashirin.

Lokacin da laifin na ma'ajiyar ne

Tarihin SSD yana da nasa kura-kuran, kuma da yawa daga cikin manyansu a manhajar kwantirola suke. A 2011 masu amfani da Intel 320 suka fara ba da rahoton cewa bayan yankewar wuta ba zato, ma'ajiyarsu mai ɗaruruwan gigabait ta dawo tana nuna megabait 8 kacal. Intel ya fitar da gyara a watan Agustan shekarar. A farkon 2012 aka gano cewa Crucial m4 tana daskarewa da zarar ta cika sa'o'i 5,184 na aiki, kwana 216 ke nan, sannan ta riƙa maimaita hakan bayan kowace sa'a. Bayanai ba su ɓata ba, sabuwar manhaja ta warware matsalar. A Nuwamba 2019 kamfanin HPE ya gargaɗi abokan cinikinsa cewa wasu SSD na manyan sabobinsa za su mutu a daidai sa'a ta 32,768, wato shekara 3 da kwana 270 da sa'a 8, kuma ba za a iya ceto komai daga cikinsu ba. Wannan lamba ita ce inda ma'aunin bit 16 ke cika ya kife. Waɗanda suka sayi ma'ajiyoyi da yawa rana ɗaya don su zama kariya ga juna, rana ɗaya za su rasa su duka.

Akwai kuma ƙananan SSD masu araha da ke amfani da kwantirolar Phison S11, waɗanda idan taswirarsu ta lalace sai su daina amsa sunansu na kasuwa, su bayyana a BIOS da sunan SATAFIRM S11. Duk inda aka ga ma'ajiya tana nuna baƙon suna ko girman da bai yi kama da nata ba, waya da kafa sun fita daga zargi. Kwantirola ce ta tashi ta kasa karanta taswirarta.

Babban abokin gabar wannan taswira shi ne yankewar wuta tana tsakiyar rubutu. A 2013 masu bincike daga Jami'ar Jihar Ohayo da ɗakin binciken HP sun gwada SSD 15 ta hanyar yanke musu wuta sau da yawa. Goma sha uku sun nuna wata ɓarna, daga gurɓacewar bayani har zuwa mutuwa gaba ɗaya. SSD na manyan cibiyoyi suna da kafasitocin da ke ba su ɗan lokaci su kammala rubutu, amma yawancin na kasuwa ba su da cikakkiyar wannan kariya. An tsara su ne da tunanin ƙasashen da ɗaukewar wuta labari ce. A ofishin da ake sauyawa tsakanin wutar lantarki ta gari da janareta sau uku a yini, a Kano ne ko Maraɗi, kwamfutar tebur da ba ta da UPS tana maimaita gwajin Ohayo ne kowace rana. Laftof tana da batirin da ke kare ta, ta tebur ba ta da shi.

Tsarin bincike da tarihin ya bari

Tambayar farko ita ce ko BIOS yana ganin ma'ajiyar a jerin ma'ajiyoyi, da sunanta da girmanta daidai. Amsar wannan ta raba matsalar gida biyu.

Idan ba ya gani, a kashe kwamfuta, a zare wayar wuta daga bango, a fara da abin da ya fi araha. A sauya wayar SATA, a sauya kafa, a sauya bakin wuta. In M.2 ce, a ciro ta a mayar da ita a karkace kaɗan har ta shige sosai, sannan a kwantar a ɗaure. A buɗe littafin madabod a tabbatar gurbin yana jin yarenta, kuma bai kashe wata kafar ba. A duba agogon BIOS don sanin halin batir. Wanda akwatin wutarsa na da wayoyi masu cirewa ya kiyaye amfani da wayar wani akwatin daban, domin jerin fil ɗinsu ba ɗaya ba ne, kuma hakan na ƙona ma'ajiya nan take. Bayan wannan duka, a gwada ta a wata kwamfutar ko a akwatin USB da ya dace da nau'inta. Idan can ma shiru, sannan ne za a fara maganar mutuwa.

Idan kuwa BIOS yana gani, to ƙarfe ya yi aikinsa, saura saiti. A duba AHCI da RAID da VMD, a duba CSM, a duba jerin tashi. Sabuwar SSD da ba a taɓa amfani da ita ba ba za ta bayyana cikin manyan fayilolin Windows ba sai an shirya ta a sashen kula da faya-fayai an ba ta harafi, kuma wannan ba cuta ba ce. Manhajoji irin CrystalDiskInfo na karanta rahoton lafiyar da ma'ajiya ke ajiyewa game da kanta, tsarin SMART da ya samo asali tun tsakiyar shekarun 1990. Shafin kamfanin da ya ƙera ta kuma zai nuna ko akwai sabuwar manhajar kwantirola, wadda ba a girka ta sai an kwafe bayanai tukuna.

A nan ne ake yin asarar da ba ta dawowa. Idan ma'ajiya mai ɗauke da bayanai ta bayyana, Windows ya nemi a shirya ta ko a yi mata fomatin, amsar ita ce a'a. A zamanin faifai mai juyawa, bayanan da aka goge kan zauna a wurinsu har sai an rubuta wani abu a kansu, shi ya sa ake iya ceto su. Tun daga Windows 7 a 2009 akwai umarnin TRIM, wanda ke sanar da SSD cewa ba a bukatar wani yanki, ita kuma ta share shi da kanta cikin ɗan lokaci. Mai gyaran da ya ce a yi fomatin a gani ko za ta dawo, dabarar wani zamani yake amfani da ita a kan na'urar da ba ta yafe irin wannan. Haka nan ma'ajiyar da ke ɓacewa tana dawowa, ranar da ta dawo ranar kwafe bayanai ce, gwaje-gwaje su biyo baya.

Faifai mai juyawa yakan yi ƙara ko jan ƙafa kafin ya mutu, ya bai wa mai shi makonni na shiri. SSD sau da yawa ba ta ba da wannan sanarwa. Masu karatu da ke da alhakin kwamfutocin ofis, asibiti ko makaranta za su iya rage yawancin wannan haɗari da abubuwa marasa tsada: UPS ga kowace kwamfutar tebur mai muhimmanci, sabon batir ga duk na'urar hannu da aka sayo, littafin madabod kafin a sayi sabuwar SSD, da kwafin bayanai a wani wuri da ba ya cikin akwatin. Wanda ke da kwafi, ranar da baƙin allo ya bayyana zai zauna ya bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya cikin natsuwa, kuma a mafi yawan lokuta zai tarar da waya ce ta sassauta ko saiti ne ya sauya.